Muryar Da Ta Katse Huɗuba

SHAFI NA 23

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar makomar Sabiru, ku gyara zama. Yau zauren dagaci za mu shiga.

*

Daƙiƙa goma sha huɗu ne kacal. Malam Zaharaddini, malamin lissafi na firamaren garin, ya rantse ya ƙirga su daga sahun baya.

Liman yana tsakiyar huɗubar Juma'a, yana jan kunne a kan haƙƙin maƙwabci, sai lasifikokin da ke kan masallacin Kanyar Maje suka yi tari. Muryarsa ta ɓace. Kiɗa ya maye gurbinta, a kan kiɗan kuma ga muryar mace, tsohuwar murya mai kauri, tana rerawa hankalinta kwance:

"Gero ya nuna har ya sunkuya,
Mazan garinmu na gindin darbejiya,
Suna jiran gajimare ya yi musu girbi..."

Kafin ta ja numfashin baiti na gaba ladan ya dira ya fizge waya.

Katse huɗuba ba ƙaramin abu ba ne, wannan babu mai musu. Amma garin da yake da hankali zai fara da tambayar ta yaya aka yi. Kanyar Maje ba ta tambaya. DJ ɗaya gare ta, Sabiru ɗan marigayi Kamilu mai gyaran rediyo, don haka kafin liman ya sallame an gama yanke masa hukunci a zuci. Cewa yana zaune a sahu na uku, kafaɗa da kafaɗa da masu zarginsa, bai dami kowa ba. Kafin la'asar 'yan kwamitin masallaci sun je gidansu sun loda laftof da miksa da makirfo da sifiku biyu a baro, an kulle su a ɗakin ajiyar dagaci tare da buhunan gyaɗa.

Da hantsin Asabar ƙanwarsa Khaulat ta same shi a ɗakinsa. Babu abin da ya rage a ciki sai tabarma da bulo biyun da yake ɗora laftof a kai don ta sha iska. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta.

Bai bari ta sha wahalar farawa ba. Ya ce mata tun jiya ya sani. Da ya dawo daga masallaci ya tarar da sabon batir a cikin makirfon da yake cire wa batir duk safiyar Juma'a. Ya tarar an tura maɓallin layi na uku na miksa sama, inda shi bai taɓa kai shi ba. Bulon nan da ɗumi. A ƙofar baya kuma ga silifa ƙafa ɗaya, ta mace, wadda ba ta gidan ba.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Juma'a talatin da ɗaya, Yaya."

Ya ɗago ya dube ta.

Sai ta zayyana masa. Duk Juma'a, da zarar maza sun kwashe zuwa masallaci gari ya zama na mata, sai su fara shigowa ta kafofin danga, gida zuwa gida, ba mai bin titi. Da su huɗu aka fara, yanzu sun haura ashirin. Ita ce mai zama gaban miksa. Ta koya ne daga kallonsa, shekara biyu tana kallon yatsunsa yana zaton zance take saurare. Tana sa kiɗa ƙasa-ƙasa, matan su ɗan taka, tsofaffi su yi waƙoƙin da suke yi a da lokacin daɓen ƙasa da sussukar gero, waƙoƙin da siminti da injin casa suka kora daga gari. Minti arba'in, kowa ta koma kan tukunyarta kafin a fito.

Jiya ce rana ta farko da suka taɓa makirfon nan marar waya. Mai wayar ya lalace, tsohuwar kuma ta ce ba za ta yi ihu ba tana da tari.

"Wace tsohuwa?"

Khaulat ta yi ƙasa da murya. "Inna Kaltume."

Sabiru ya jingina da bango, ya rufe ido. Inna Kaltume mahaifiyar Alhaji Sama'ilu ce, shugaban kwamitin masallaci, mutumin da ya tura baron da hannunsa.

Ya tambaye ta ko akwai wata shaida. Ta ce duk a cikin laftof suke. Inna Kaltume ce ta ce idan ta mutu waƙoƙin nan sun bi ta kabari, sai ita kuma ta riƙa naɗa, kowace Juma'a da lambarta, kowace waƙa da sunan wadda ta yi. Sunaye cikakku, da na mazajensu, don kada a rikita Rahmatu da Rahmatu.

"Ilimin boko ya yi rana," ya ce. "Har da sunan miji."

Ta ce za ta je ta faɗa da bakinta. Ya ce ba inda za ta. A cikin matan nan akwai wadda mijinta ya taɓa tura ta gida wata biyu saboda ta leƙa biki ba izini. Akwai matar ladan. Akwai amaryar da ko wata shida ba ta yi ba. Idan aka karanta sunayen nan a zaure, kayan kiɗa ba su ne za su fashe ba, gidaje ne.

"To kayanka fa? Shekara shida kana haɗa su."

Ya sa hularsa, ya ɗauki bulo biyun nan ya fita da su a hammata, shi kansa bai san dalili ba.

*

Zauren dagaci ya cika har waje. Mutanen da aka yi wata uku ana roƙonsu su fito gayyar cike ramin da ya raba garin da titin Gezawa, yau kowa ya sami lokaci. Gero na can ya nuna tsuntsu na ci, su suna nan.

An shimfiɗa kayan a tsakiya kamar gawa. Laftof ɗin baƙa ce, mai kaurin littafin rajista, an ɗaure murfinta da salatif, harafi uku sun fita daga madannanta. Kusa da ita miksa mai layi shida, wadda Sabiru ya saya a lalace ya farfaɗo da ita da kayan gyaran mahaifinsa.

Dagaci dattijo ne mai son zaman lafiya, irin son zaman lafiyar da ke nufin duk wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya. Ya buɗe da addu'a, ya ce abin da ya faru ya faru, ya miƙa wa Alhaji Sama'ilu magana.

Alhaji ya miƙe da babbar rigarsa. Ya yi minti ashirin yana bayani a kan lalacewar zamani, bai taɓo yadda kiɗa ya tashi daga wani gida ya shiga lasifikar masallaci ba ko sau ɗaya. Ya ƙare da cewa buƙatar kwamiti ɗaya ce: a fasa kwamfutar nan yanzu, a gaban jama'a, a ƙona abin da ya rage, a haramta wa yaron nan sana'ar a ƙasar Kanyar Maje. Har ya zo da gatari, yana jingine a bayan kujerarsa.

Wasu suka yi kabbara. Wasu suka gyaɗa kai don sun ga na kusa da su ya gyaɗa.

Daga nan ya gabatar da wanda ya kira masani. Jamil ne, ɗan ƙanensa, wanda yake zaune a unguwar Bacirawa cikin birni yana kiran kansa DJ. Yana da sabuwar laftof siririya da wata na'ura mai fitilu ja da kore, wadda yake jujjuya faifanta a biki yana girgiza kai alhali waƙoƙin duk a haɗe ya sayo su a filashi. Shekara biyu yana neman bukukuwan ƙauyukan nan, masu biki suna ce masa a'a, Sabiru ya san inda ake rage kiɗa idan dattijai za su wuce. Jiya ma ba ya garin. Da safen nan ya zo ba da shaida a kan abin da kunnensa bai ji ba.

Ya zagaya laftof ɗin yana toshe hanci. Ya ce irin wannan ko a bola aka gan ta a birni ba mai sunkuyawa. Ya tambayi Sabiru ko da gawayi take aiki ko da kalanzir. Aka yi dariya. Sannan ya daidaita fuska ya ce a iliminsa, abin nan da gangan aka yi.

Dagaci ya juya. "Sabiru, me za ka ce?"

Sabiru ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, sau uku na je wurin Alhaji a kan makirfon masallaci."

Ya yi bayani a hankali, yadda kowa zai gane. Makirfon da kwamiti ya sayo wa liman da nasa iri ɗaya ne, tasha ɗaya suke magana a kai, kamar mutum biyu masu kiran suna ɗaya. Akwatin da ke karɓar murya a masallaci ba ya tantancewa, wanda ya fi ƙarfi shi yake ji. Batirin makirfon liman kuwa tun azumi ba a canza shi ba. Ya faɗa wa Alhaji bayan sallar idi, ya faɗa masa ranar sunan jikarsa, ya sake tare shi a kasuwa. Ya ce aikin minti biyar ne a juya tashar, kyauta zai yi. Ya ce kuma makunnin amfilifayar masallaci ya karye, dare da rana a kunne take a kan sola, duk mai irin makirfon nan da ya wuce a mota zai iya yi wa gari huɗuba.

"Me Alhaji ya ce maka?" Malam Zaharaddini ne ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ya ce a bar shi, Allah zai kiyaye. Ya ce hannun da ke taɓa kiɗa ba zai taɓa kayan masallaci ba."

Wannan ita ce cutar garin nan a jimla ɗaya. Rijiya ba murfi, Allah zai kiyaye. Wayar lantarki na lilo a kan hanyar makaranta, Allah zai kiyaye. Mutum ya ƙi ɗaure akuyarsa, idan ta ci shuka ya nemi marayan da zai ɗora wa.

Alhaji ya ce ba tarihin makirfo aka zo ji ba.

Malam Zaharaddini ya ce to a bar tarihi a zo lissafi. Yaron nan yana sahu na uku, shi shaida ne, domin shi ya taka masa ƙafa wajen shiga. Mutum ba ya zama wuri biyu. Wa ya kunna?

Jamil ya yi caraf. Ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi ga wanda ya sani. Ana saita wa kwamfuta lokaci, a ce mata ƙarfe biyu daidai ki saki waƙa kaza, mutum ya tafi abinsa ya zauna a sahun gaba yana tasbihi. Shi ya sa ya ce da gangan ne.

A nan ne Sabiru ya yi kuskure. Da ya yi shiru, da magana ta ƙare a kansa shi kaɗai kamar yadda ya ƙudura tun daga gida. Amma an zagi laftof ɗin nan da yawa, kuma jahilci da gadara a baki ɗaya abu ne mai wuyar haɗiyewa.

"Wane lokaci za a saita mata?" ya ce. "Laftof ɗin nan ba ta san shekarar da muke ciki ba. Ƙaramin batirin agogonta ya mutu tun kafin na saye ta. Duk sanda aka kashe ta aka kunna, sai ta ce yau ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara, ƙarfe sha biyun dare. Babban batirinta ma ya mutu, sai an tayar da janareta. Waƙa ba ta fita sai an tura maɓallin miksa da hannu. Makirfo ba ya magana sai an sa masa batir an kunna. Idan kai taka na'urar tana aiki ba hannu, shi ya sa kowa ya san ba kai kake kiɗan ba."

Dariya ta fashe har waje. Jamil ya yi tsuru-tsuru da ido.

Sabiru bai gama jin daɗin dariyar ba ya ga Malam Zaharaddini yana kallonsa da tausayi. Sai ya gane abin da ya yi. Ya wanke laftof, ya wanke kansa, ya tabbatar wa zaure cike da maza cewa akwai hannun da ya ja janareta, ya tura maɓalli, ya riƙe makirfo, a cikin gidansu, a lokacin da babu namiji ko ɗaya a gari.

Dagaci ya gyara rawaninsa. "To ashe akwai wani. Ko wata."

Ƙus-ƙus ya fara zagaya zauren. Wani ya ce shi dama muryar ta yi masa kama da wadda ya sani. Wani ya ce shi da ya dawo ya tarar tuwon gidansa bai nuna ba.

Alhaji Sama'ilu ya miƙe da sauri har kujerarsa ta faɗi. Ya ce wannan duk ɓata lokaci ne. Muryar ta cikin kwamfuta ce, irin matan birnin nan da ake naɗowa. Babu wata mace a Kanyar Maje da za ta yi wannan, matan garin nan masu tarbiyya ne. A fasa kawai a huta. Ya ɗauko gatarin.

Sabiru ya dube shi da kyau a karo na farko. Goshin Alhaji ya jiƙe, alhali zauren da sanyin damina. Mutumin da ya yi minti ashirin yana neman a hukunta mai laifi, yanzu da aka kusa gano mai laifin shi ne mai cewa a rufe magana.

Wane ɗa ne ba zai gane muryar da ta yi masa reno ba?

Tun jiya ya sani. Tun yana zaune a sahun farko, bayan liman, ya ji uwarsa tana zagin ragwancin mazan gari ta lasifika huɗu. Ba darajar huɗuba ce ta sa ya tura baro da hannunsa ba. So yake ya farfasa muryar kafin wani ya sake jin ta, idan kuma abincin maraya ne zai tafi a ciki, to ya tafi.

Sabiru ya matsa kusa da shi kamar zai ɗauki waya a ƙasa, ya yi magana yadda su biyu kawai za su ji.

"Alhaji, ni ba zan faɗa ba. Ba don kai ba. Amma da ka zo ka same ni jiya, da mun rufe wannan ba gatari."

Alhaji bai dube shi ba. Ta gefen baki ya ce, "Kai wa? In zo in same ka?"

Ya ɗaga gatarin.

Wanda ya riƙe masa hannu ba Sabiru ba ne, ba dagaci ba ne. Jamil ne. Dariyar da aka yi masa tana cin sa, yana neman inda zai rama.

"Baffa, dakata. Idan ka fasa ka taimake shi. Duk abin da aka yi da kwamfuta yana ciki. A kunna ta, ni zan zaƙulo muku waƙar da sunan mai ita, ku ga wanda ya iya aiki."

Alhaji ya ce masa ya saki hannunsa. Ya ce ba a buƙata. Ya ce shi ya kawo shi, shi kuma yake ce masa ya zauna. Amma jama'a sun riga sun ɗanɗana, kowa na cewa a kunna, a kunna. Dagaci ya duba inda rinjaye yake, kamar kullum, ya ce a kunna.

Aka jawo janaretan mai cajin waya na bakin kasuwa. Sabiru ya ce ba zai taɓa ba, duk mai so ya haɗa. Jamil ya durƙusa gaban wayoyin ya yi ta juya su. Ya cusa wayar laftof a ramin makirfo, sifiku suka yi wani ƙugi kamar an yanka sa, rabin zauren suka toshe kunne. Ya canza rami, ƙugin ya ƙaru. Da dagaci ya gaji ya ce Sabiru ya haɗa, umarni ne.

Ya haɗa. Ya ɗora laftof ɗin a kan bulo biyun da ya zo da su, ya sa wayar a layinta, ya rage abin da Jamil ya murɗe, ƙugin ya mutu. Ya danna makunni. Yana addu'a a zuciyarsa yau ta ƙi tashi, kamar yadda ta taɓa yi masa a wani biki a garin Shanono gaban mutum ɗari uku.

Fankarta ta fara kuka. Allon ya yi baƙi, ya yi shuɗi, ya koma baƙi. Minti biyu. Minti huɗu. Wani ya ce a je a yi girbi a dawo. Alhaji na tsaye da gatari a hannu, leɓensa na motsi, shi ma addu'ar da Sabiru yake yi ita yake yi. Wannan ne karo na farko da suka taɓa haɗuwa a kan buƙata ɗaya.

A minti na bakwai ta buɗe, ta sanar da duniya cewa yau ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara.

Jamil ya ture Sabiru ya zauna. Bai sha wahala ba, domin Khaulat yarinya ce mai tsari. Ga jakar ajiyar waƙoƙin nan a tsakiyar allo, an rubuta mata Juma'a. Ya buɗe. Ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Ga su nan jere, Ranka ya daɗe, har talatin da ɗaya. Kuma da sunaye. Bari in fara da ta jiya. Juma'a ta talatin da ɗaya, waƙar gero, daga bakin Inna Kal..."

Ya tsaya. Ya matso da fuskarsa jikin allon. Ya ɗago ya dubi baffansa, bakinsa a buɗe. Sunan kakarsa ne, wadda ta goya shi.

"Ƙarasa mana, angona. Ko bokon ya ƙare?"

Daga waje muryar ta zo, tare da ƙarar sanda a kan dakali. Duk wanda yake masallaci jiya ya gane ta kafin ya juya.

Mazan bakin ƙofa suka dare. Inna Kaltume ta shigo a hankali, shekara tamanin da wani abu, ƙafarta ɗaya da silifa ɗaya babu. Khaulat na riƙe da gwiwar hannunta. A bayansu, cike da filin ƙofar dagaci har gindin darbejiya, mata ne da hijabai, sun fi ashirin, ba wadda ta rufe fuska. Ladan ya hango matarsa ya sunkuyar da kai.

Ta gaishe da dagaci yadda ya kamata. Ta ce ta ji an ce za a fasa kayan marayan Kamilu saboda muryar wata 'yar birni, shi ne ta zo a ga 'yar birnin. Ta ce katse huɗuba ba da niyya ba ne, ta yi istigfari, kuma da asuba ta aika wa liman ban haƙuri. Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Saura tsakaninta da masu gatari.

Alhaji Sama'ilu ɗanta ne na fari. Shekara sittin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido gaban mutane ba, saboda alkunya. Ko yanzu ba ta dube shi ba. Da sanda ta nuna inda yake.

"Wancan mai babbar rigar ya san muryar wa ya ji. Jiya da yamma ya shigo ya gaishe ni, ya ci dambuna, bai ce min uffan ba. Ya fita ya je wasa gatari."

"Inna, don Allah ki koma gida," Alhaji ya ce. Muryarsa ta koma ta yaro. "Za mu yi magana a gida."

Ta miƙa wa Sabiru hannu.

"Ɗan Kamilu, ba ni abin maganar nan. Baiti uku na yi aka zare min waya. Waƙar baiti goma sha biyu ce, kuma na huɗun da sunan mutum ya fara. Yau na yar da alkunya inda na yar da ɗaya takalmin."

Sabiru ya dubi dagaci. Dagaci ya dubi rufin zaure yana neman rinjaye a can. Kafin kowa ya ce wani abu Khaulat ta durƙusa gaban miksa, a gaban mazan garin duka, ta ɗauki makirfon, ta kunna, ta sa a hannun tsohuwar. Yatsanta ya sauka a kan layi na uku.

Inna Kaltume ta kai shi bakinta ta gyara murya.

Gyaran muryar bai tsaya a zaure ba. Daga can tsakiyar gari, sama da rufin gidaje da gonakin gero, lasifikoki huɗu na masallaci suka maimaita shi.

Bayan duk abin da ya faru jiya, an mayar da wayar da ladan ya fizge, amma babu wanda ya je ya juya tashar.